Me za mu kira tafiyar ɗalibi ƙetare ya yi ɗan zango ya dawo?

Jama'a, ina neman taimako. Ƙanwata da ke aji uku a sashen fiziks tana cike takardun shirin da CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke Geneva a Switzerland, ke yi wa ɗalibai duk shekara. Ɗalibi kan yi mako 8 zuwa 13 a can, da safe lacca, sauran yini aiki tare da masu bincike, sannan ya koma jami'arsa ya ƙarasa digiri. Da ta zo yi wa Baba bayani sai kalma ta ƙare mata. Ya ce, "To, makarantar za ki bari ke nan?"

Wasu sun ce "musayar ɗalibai". Wannan ta dace da shiri irin Erasmus na Turai, wanda aka fara a 1987, inda jami'o'i ke ƙulla yarjejeniya, nasu su zo, naku su je. Amma CERN ba ta aiko mana kowa, to musayar me aka yi? "Ƙaro karatu" kuma kowa ya san shekaru ake nufi, a dawo da takardar digiri.

Ni abin da ya kwanta mini shi ne "ci-ranin karatu". Ɗan ci-rani ba ƙaura ya yi ba. Ya rufe rumbu bayan kaka, ya tafi birni da 'yar jakarsa, gonarsa na nan tana jiransa, kafin ruwan shuka ya dawo da abin da ya samo. Malaman allo ma haka suke fita da almajirai da rani su komo da damina. Da na faɗa wa Baba haka, nan take ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba.

Wani malami ya yi mini gyara biyu, kuma na ji nauyinsu. Na farko, lokacin shirin, Yuni zuwa Satumba, damina ce tsundum a wurinmu. Na biyu, yanzu gidajen rediyo na kiran masu tsallaka Bahar Rum 'yan ci-rani, kada a shafa wa ɗalibai wannan. Na amsa cewa kalmar ta daɗe da wuce batun rani, kuma "karatu" da ke maƙale da ita ta raba gardama.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke cewa "stage" da Faransanci, idan kuna yi wa tsofaffi bayani a gida, me kuke ce musu?