Tirafik: zirga-zirga ce, cunkoso ne, ko fatauci?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara kan kalmar Turancin nan, traffic. A fassarar labarai da ta manhajoji an saba mayar da ita "cunkoso" duk inda ta fito, har ka ga an rubuta wai shafi kaza yana neman ƙarin cunkoso, alhali ba mai shafin da ke fatan haka. Akwai kalmar Hausa ɗaya da za ta ɗauke ta, ko kowane fage da tasa?

Injiniyan Hanya: Wa alaikumus salam. Daga titi kuskuren ya samo asali, sai a fara gyara daga can. In direba ya ce ya shiga tirafik, gosulo yake nufi. A wurin masu tsara hanya kuwa, ko mota uku ce ta wuce cikin awa ɗaya da tsakar dare, tirafik ce. Wato zirga-zirga. Cunkoso kuwa sai zirga-zirgar ta fi ƙarfin hanya.

Abu uku muke aunawa: motoci nawa suka wuce wani wuri cikin awa ɗaya, motoci nawa ke kan kilomita ɗaya na layi, da kuma gudunsu. Na farkon shi nake kira kwarara, kuma ana samunsa in an ninka na biyu da na uku. Mota 25 a kilomita, kowace na gudun kilomita 80 a awa, kwarara ta zama 2,000, kusan iyakar abin da layi ɗaya na babbar hanya ke ɗauka. To a ce motocin sun kai 100 a kilomita, gudu ya faɗo zuwa 10. Kwarara ta koma 1,000. Hanya ta cika maƙil, amma rabin motocin ɗazu ne ke wucewa. Saboda haka in rahoton injiniya ya ce tirafik ta ragu a wannan lokacin, mai fassara ya rubuta "cunkoso ya ragu", ya kifar da maganar gaba ɗaya.

Haka lissafin yake a danja. In kore ta kama, kowace mota tana cin kusan daƙiƙa 2 kafin ta tsallake layi, wato wajen 1,800 a awa da a ce kore ba ta ɗaukewa. In daƙiƙa 30 take yi cikin zagayen daƙiƙa 90, layin zai sallami 600 ne kawai. Mota 700 ta zo, 100 ta taru a baya kowace awa.

Tsohon Direba: Injiniya, na ji lissafinka, amma zirga-zirga tana da wani sauti na rashin natsuwa. Yaron da ya hana mutane sakat ake ce wa ya daina zirga-zirga. Me zai hana a ce kai-komo?

Malamar Hausa: Baba, gaskiyarka, kalmar tana da wannan sautin a cikin gida. Sai dai rediyo ya daɗe da wanke ta. Ba wanda zai ji "dokar hana zirga-zirga" ko "hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama" ya tuna da yaro mai rawar kai. Kai-komo da kai-kawo sun fi karkata ga mutum ɗaya mai tafiya yana dawowa, kamar mai shiga tsakanin masu rigima. Zirga-zirga ta fi ɗaukar taro.

Kwarara ta Injiniya ta yi mini, domin tana da abin da zirga-zirga ba ta da shi: tana fuskantar gefe guda. Muna cewa kwararar ruwa, kwararar 'yan gudun hijira, duk daga nan zuwa can ne. Shi ya sa ta dace da abin da ake ƙirgawa a layi ɗaya.

Injiniyan Hanya: Ƙarin hujja cewa cunkoso abu ne mai zaman kansa: a 2008 masu bincike a Japan sun wallafa gwajin da suka ɗora mota 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Ba danja, ba haɗari, ba mahaɗa, amma ba a jima ba cunkoso ya kunno kai. Wani ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, har ya kai ga wasu sun tsaya cak. Motoci na gaba, shi kuma cunkoson yana ja da baya da gudun kusan kilomita 20 a awa.

Mai Kula da Saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet): A fagen intanet ma rarrabewar ɗaya ce, sai dai abin da ke tafiya ba mota ba ne. Duk saƙo ko bidiyo ana yanka shi ƙananan ƙunshi, galibi kowanne bai wuce bayit 1,500 ba (bayit da bit ma'aunan girman data ne), a tura su ta rauta zuwa rauta, wato na'urorin da ke nuna wa ƙunshin hanya. Yawan abin da ke wucewa ana auna shi da bit a daƙiƙa. Ni "kwararar data" nake cewa, ba "kwararar bayanai" ba, don bayani yana sa mutum ya zaci rubutu ne ko labari, alhali kiran bidiyo da sabunta manhaja duk suna ciki. Data kuma kowa ya san ta.

Kada a haɗa kwarara da ƙarfin layi. Ƙarfin layi shi ne iyakar abin da zai iya ɗauka, kwarara kuwa abin da yake ɗauke da shi yanzu. Layi mai megabit 100 a daƙiƙa, megabayit 12.5 yake kawowa in ya ƙure, tunda bit 8 ke yin bayit ɗaya, kuma nan masu fassara ke yawan tuntuɓe. In abin da ke shigowa rauta ya fi abin da za ta iya fitarwa, sai ta jera ƙunshin a ma'ajiyarta. Ma'ajiya ta cika, sai ta fara zubarwa, na'urar da ta aiko ta rage gudu ta sake aikowa. A nan ne kaɗai "cunkoson layi" yake daidai, kuma alamarsa ita ce murya na yankewa, bidiyo na tsayawa.

Masu layin waya suna da nasu ma'aunin, erlang, sunan masanin lissafin Denmak A. K. Erlang da ya yi aiki da kamfanin tarho na Kofanhegan. Erlang ɗaya shi ne layi ɗaya a kame tsawon awa. Kira 60 a awa, kowanne minti 3, erlang 3 ke nan. Wannan a ganina lodi ne ba kwarara ba, "lodin kira".

Mai Tallan Intanet: Ranka ya daɗe, kwararar data ba za ta yi wa mai shafi aiki ba. In ya ce yana son tirafik, mutane yake so. Kalmarsa maziyarta. Amma ko nan kashi uku ne, kuma dole kowanne da sunansa. Mutum ya shiga shafi da safe ya buɗe labari 5, ya dawo da yamma ya buɗe 3: maziyarci 1, ziyara 2, buɗe shafi 8. Google Analytics, manhajar ƙirga maziyartan shafi, yana rufe ziyara in an yi minti 30 ba motsi, sai dai in mai shafi ya sauya saitin. In mutumin nan da waya ya shiga da safe, da kwamfuta da yamma, yawanci mutum biyu za a ƙirga shi. Ga kuma bot, manhajojin da ke leƙa shafuka ba mutum a bayansu. Wanda ya tattara waɗannan duka ya kira su "masu karatu" a gaban mai ba da talla, ya faɗi abin da alƙaluman ba su faɗa ba.

Barista: Saura ma'anar da ta fi tsufa. Kalmar traffic daga Italiyanci ta fito, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 16, kuma ciniki take nufi tun kafin a yi mota. Hausa tana da takwararta tsaf: fatauci, sana'ar fatake. Don haka fataucin miyagun ƙwayoyi, fataucin makamai, fataucin mutane.

Na san gidajen labarai da yawa suna cewa "safarar mutane", amma a rubutun shari'a ina ƙin ta. Safara ɗauka ce daga wuri zuwa wuri. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 kan fataucin mutane kuwa sharaɗi uku ta kafa: aiki, kamar ɗauka ko ɓoyewa ko karɓa; hanya, kamar tilas ko yaudara; da manufar ci da gumin mutum. In yaro ne ƙasa da shekara 18, ba a ma buƙatar sharaɗi na biyu. Ana iya aikata laifin ba tare da an tsallake iyakar ƙasa ba. Wanda ya biya kuɗi da yardarsa aka tsallaka da shi iyaka a ɓoye, wannan fasa-ƙwaurin baƙin haure ne, kuma yarjejeniyarsa daban.

Malamar Hausa: Barista, a takardar kotu na bi ka. A kanun labari dai safara ta riga ta zauna a kunnen mutane, da wuya a tumɓuke ta. Mai fassara ya duba wa yake rubuta wa.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri. Saura guda: maɓallin da ke taswirar waya, wanda ke shafa wa tituna kore da ruwan lemo da ja. Me za a rubuta a kansa?

Injiniyan Hanya: "Yanayin zirga-zirga". Launukan ba ƙirgen motoci ba ne, gudun wayoyin da ke kan titin ake kwatantawa da gudun da aka saba yi a wurin. Kore a rubuta "hanya a buɗe", ruwan lemo "ana tafiya a hankali", ja "cunkoso". In wurin rubutun ya yi kaɗan, "zirga-zirga" kaɗai ta isa.