Leda a kan sitika ko sitika a kan leda? Masu mota mai layi, ku taimaka da shawara

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan da na fito da Mustang GT ta 2019 daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas. Fara ce, da baƙin layi biyu tun daga bamba ta gaba har but. Layin ba fenti ba ne, sitika ce, irin marar ƙyallin nan. Kullum ta gadar Third Mainland nake bi zuwa shago, kuma tuni tsakuwa ta fara cin gaban bonet, tabo uku na ƙirga jiya. Shi ne nake so in sa ledar kariyar fenti, wadda suke ce wa PPF. Na je wuri biyu a Lekki. Na farko ya ce a shimfiɗa ledar a kan sitikar yadda take, naira miliyan 1.4 gaban motar kaɗai. Na biyu ya ce a'a, sai an ɓare sitikar, a sa leda, sannan a yanko sabuwa a ɗora a sama, miliyan 1.9. Waɗanda suka taɓa yi wa mota mai layi, wanne kuka yi, kuma yaya ta kasance bayan shekara guda? Don Allah ba maganar siramik nake ba, na san shi.

Sarkin Wanki:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka yi siramik kawai ka huta. Camry ɗina shekara biyu ke nan, ruwa ko zama ba ya yi a jikinta.

Ɗan Agege:
Malam, ai na ce ban da siramik. Siramik ƙyalli ne da sauƙin wanki, ba ya tare tsakuwa.

Hajiyar Obalende:
Miliyan 1.4 gaba kaɗai? Sun ga Mustang ne shi ya sa. Ni ƙanena ya sa wa Lexus ɗinsa jiki gaba ɗaya a dubu 750 a wajen Ladipo. Ka tura yaronka da tsohuwar Corolla ya tambayo kuɗin, za ka ji bambanci.

Mai Challenger:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma irin wannan dubu 750 ɗin ce ta sa ni kuka da idona. Ɗan Agege, zauna ka ji.

A 2021 na sayi Challenger ja, mai baƙin layi a bonet, a hannun wani dillali da muke sallah masallaci ɗaya. Ya rantse mini ko ƙwarzane babu a jikinta daga Amurka. Sati biyu da saye na kai ta wani shago aka sa leda a kan sitikar, jiki duka. Ranar da na ɗauko ta kamar amarya, har hoto na tura gida Funtuwa. Damina ɗaya ta wuce, sai na fara ganin wani farin zare a gefen layin, dama da hagu, tun daga gaba har gilashi. Na koma, yaron ya ce iska ce, rana za ta shanye ta. Rana ba ta shanye komai ba. Ƙura ce ma ta samu hanya ta bakin bonet, zaren ya koma ruwan ƙasa. Shekara ta biyu ledar ta fara tsagewa a rufi kamar ƙasar fadama da rani.

Na ce to a cire. Nan ne aka yi ta. Suna ja da na'urar zafi, sitikar ta biyo ledar, wannan na sa rai da shi. Abin da ban sa rai ba shi ne fentin ƙofar direba da na gefen gaba su ma su biyo ta, falle guda kamar ɓawon ayaba. A ƙasa sai ga fila, abin nan da ake cike lotsewar mota da shi, toka-toka, kauri kamar an yi yaɓe. Ashe motar ta taɓa cin duka a wannan gefen, a nan Legas aka buga ta aka fesa, ko wata bai cika da fesawa ba na kai aka rufe da leda. Ƙari a kan haka, ko'ina a bakin ƙofofi ga sawun reza, domin a jikin motar suka riƙa yanka ledar. Mai shago ya ce laifin fenti ne, mai fenti ban san shi ba, dillali ya ce shi ma haka aka kawo masa. Kuɗin da na kashe a fentin gyara ya ninka na ledar. Har yau in mun haɗu a sahu gaisawa kawai muke yi.

Baban Yara:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Araha ba ta ado.

Direban Dare:
Ni fa abin da ban gane ba, mota mai gudun tsiya a Legas ina za ta gudu? Daga Oworo zuwa Adeniji ni da Korope, ƙaramar bas ɗin nan, muke isa tare da ku. Ka saya mata bargo kawai, Ɗan Agege, ya fi araha.

Mai Leda Ikeja:
Salamu alaikum. Sana'ata ke nan shekara shida, bari in faɗi abin da na sani. Ledar kirki kaurinta kusan mikron 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita. In ta hau kan sitika, a daidai bakin layin akwai ɗan tudu, ledar ba ta iya kwanciya cikin lungun sosai, sai ta bar siririn layin iska. Shi ne farin zaren da Alhaji ya gani. Gwani yana rage shi, amma duk wanda ya ce maka zai ɓace ƙaf, daɗin baki ne. A jar mota ko baƙa ya fi fitowa. Taka fara ce, da wuya ido ya kama shi sai an matso.

Amma ga abin da ba su gaya maka ba. Sitikarka marar ƙyalli ce. In aka ɗora leda mai ƙyalli, layin zai koma yana sheƙi kamar sauran jikin, wannan kyan na bambanci ya tafi. In kuma marar ƙyalli aka sa, farin fentin ne zai dusashe. Sannan ranar da za a cire ledar, ka ɗauka sitikar ta tafi tare da ita. In aka bi hanya ta biyu kuwa, layin zai fito tsaf kamar na kamfani, kuma duk ranar da ya gaji a ɓare shi a sa wani ba a taɓa fenti ba. Illarsa, sitikar ce a waje, ita za ta sha rana da tsakuwa da burushin masu wanki. Kuma motar 2019 ce, in aka ɓare tsohon layin ana iya samun fentin ƙasansa ya fi na gefe haske, dole sabon ya zauna daidai kan sawun tsohon.

Hajiya, ta dubu 750 ba TPU ba ce, wato robar da ake yin ledar kirki da ita, roba ce mai arha. A farar mota ma ta fi tona asiri, kafin shekara biyu ta koma ruwan ɗorawa.

Hajiyar Obalende:
To ai dama mai sayar da koko ba zai ce kokonsa ya kwana ba. Motar ƙanena tana nan lafiya lau.

Mai Leda Ikeja:
Wata nawa da sawa, Hajiya?

Hajiyar Obalende:
Biyar.

Mai Challenger:
Tawa ma a wata biyar amarya ce.

Bahaushen Houston:
A nan wurinmu ba a ma yanka a jikin mota. Kwamfuta ce ke da taswirar kowace mota, inji ya yanko ledar daidai, a ɗora. Manyan kamfanoni irin XPEL garantin shekara 10 suke bayarwa. Mustang ɗin maƙwabcina a kan sitika aka sa, ban ga wata matsala ba. Ku duba ma, Mustang Shelby GT500 ta 2020, Ford dala 1,000 ta sa wa layin sitika, na fenti kuwa dala 10,000. Wanda ba ya son wannan ciwon kai shi ke biyan na fenti.

Baban Yara:
Yallaɓai, da girmanka, Houston daban Ikko daban. Motar maƙwabcinka a gareji take kwana. Tamu a rana take wuni, ga iskar teku, ga ruwan Lekki da ke kai wa ƙofa in damina ta kankama. Garantin kuma wa zai kai ƙara? In ka koma shagon ka tarar an mai da shi wurin sayar da shawarma fa?

Bahaushen Houston:
Ranar Texas ba ta da wasa, Malam. Ka zo a watan Agusta ka gani.

Baban Yara:
Akwai danfo a Texas?

Direban Dare:
Tambaya ke nan! An ce asalin ledar nan sojan Amurka aka yi wa, 3M ta yi ta lokacin yaƙin Biyetnam don kare farfelar helikwafta daga yashi. To an gwada ta da yashi, an gwada ta da tsakuwa. Ba a gwada ta da ƙarfen da ɗan danfo ya walda a bambarsa ba. Wannan in ya goge ka a Oshodi, har ledar har fentin har addu'ar da ka yi da safe.

Ɗan Canji:
Ni gaba ɗaya miliyan 4.5 aka ce mini a Victoria Island watan jiya, a Range. Wani abokina kuma ya ce 3 ya biya a wuri ɗaya bara. Kayan da dala ake shigo da su, tun da aka saki naira a 2023 kowa da farashinsa. Amma ni tambayata ga Ɗan Agege, ka tabbata fentin motarka na kamfani ne? Daga gwanjo ta fito ko daga hannun mai ita?

Ɗan Agege:
Wallahi dillali ne ya kawo mini, ya ce tsaf take. Ban duba ba.

Mai Challenger:
To ka ji. Kalmar da aka gaya mini ke nan, tsaf. Ɗauki lambar shasi ka buga a intanet yau ɗin nan. In ta bi ta Copart ko IAAI, kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna nan, za ka ga inda ta bugu. Da na yi haka da ban shiga abin da na shiga ba.

Sarkin Wanki:
Ko ka sa maganaɗisu a jiki, inda akwai fila ba ya kamawa.

Mai Leda Ikeja:
A Mustang daga 2015 bonet da gefunan gaba alminiyam ne, maganaɗisu ba zai kama ba ko sabuwa ce dal. Kar ka tayar masa da hankali a banza. Na'urar auna kaurin fenti ake sawa. Mu sai mun auna muke taɓa mota, kuma in sabon feshi ne muna cewa a jira aƙalla wata guda ya bushe.

Dillalin Berger:
Na yi shiru ne ina karantawa, amma abin ya fara yawa. Kowa dillali, dillali. Ku ne za ku zo da kuɗin mai hatsari ku ce marar hatsari kuke so. Ka san nawa ake biyan kuɗin fito yanzu? In na kawo wadda ba ta taɓa bugawa ba na faɗi kuɗinta, sai ku ce na cika tsada ku tafi wurin wanda zai yi muku rantsuwa. Ni dai ina nuna hoto kafin ciniki.

Mai Challenger:
Ba wanda ya hana ku kawo mai hatsari, Alhaji. Ku faɗa kawai. Mutum ya san abin da ya saya.

Hajiyar Obalende:
Ku bar ta fenti ma. Jakar iskar sitiyari fa? Wata ƙawata sai da ta yi karo a hanyar Epe aka gane babu komai a ciki, an rufe wurin an kashe fitilar gargaɗin. Allah ne ya tsare.

Dillalin Berger:
Wannan aikin masu gyara ne, Hajiya, ba namu ba.

Baban Yara:
Wa ke kai musu motar?

Ɗan Agege:
Jama'a na buga lambar. Hoto tara ya fito. A hoton motar ba ta da layi ko ɗaya, kuma bonet ɗin a lanƙwashe yake ta hagu. Malam Mai Leda, na'urar taka tana iya aunawa ta kan sitika, ko sai an ɗaga ta?

Direban Dare:
Har yanzu tayin bargona yana nan.

Dillalin Berger:
Turo mini hotunan ta akwati in gani. Wa ya kawo maka ita?