Me zan sa a bakin yatsun lunet ɗin injin tur?

Salamu alaikum, manyan gwanaye. A Tawa nake aiki, ina gyaran sandar famfon ruwa mai tsawon mita 1, kauri milimita 40, a kan tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Yatsu ukun lunet ɗin, wato zoben da ke tallabe sandar yayin da take juyawa, sun cinye ƙarƙaf.

Na sa tagulla, ba ta ji wa sandar ciwo ba, amma tana zafi, nan da nan ta lashe, balle ƙurar hunturun nan ta gauraya da mai. Na koma rulma mai lamba 608, sai ta riƙa danne ɓarɓashin ƙarfe a jikin sandar, duk ta bar zane.

Wani dattijo ya ce in nemo buronz (gaurayen jan ƙarfe da kuza) ko font (baƙin ƙarfen zubi) a kasuwar Katako ta Yamai. Font ɗin nake shakka, don ƙarfen sandar ba shi da tauri sosai. Wanne kuka gwada ya daɗe?