Tambaya kan sayen mahaɗai domin shafi ya hau sama a Google

Mai ɗinki, Wunti:
Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, na kuma buɗe shafin intanet domin tallata aikina. Wani ya yi mini tayin sayar mini da mahaɗai (wato "links", waɗanda in an danna su za su kai mutum shafina) masu yawa daga wasu shafuka, wai za su ɗaga nawa a binciken Google. Shin wannan hanya ce mai ɓullewa?

Malamin kwamfuta, Yalwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki saya. Tun 2012 Google ya fito da tsarin Penguin domin gano mahaɗan bogi, irin waɗanda ake zubawa a shafukan caca da wuraren sharhin da babu mai karantawa, kuma ƙarshenta ko a yi watsi da su, ko shafinki ya koma baya.

Mai shagon waya, Muda Lawal:
Gaskiya ne, Malam. Hajiya, ki yi rajista a Google Business Profile, wato tsarin da ke nuna shagonki a taswirar Google, kyauta ne, ki sanya adireshi da lokutan aiki da hotunan ɗinkinki, domin mai neman tela a Bauchi sau da yawa taswira yake fara gani.

Malamin kwamfuta, Yalwa:
Ki kuma guji maimaita "tela a Bauchi" a kowane layi, domin shi ma cikin maguɗi ake lissafa shi.