Me ya sa kansa take dawowa bayan an gama kemo?

Ƴar Fagge: Salam ƴan uwa. Goggona an cire mata nono shekara biyu da suka wuce, ta sha kemo, maganin kashe ƙwayoyin kansa, har gashinta ya zube kaf, aka ce hoto ya fito tas, to yanzu kuma bayanta ya dame ta aka duba wai kansar ta koma ƙashin baya. Dan Allah ina abin ya ɓuya duk tsawon lokacin nan?

Abban Hanifa: Allah ya ba ta lafiya. Kin san ciyawar kiri-kiri, ki nome ta tas, ruwan farko ta tsiro don saiwar tana ƙasa. A cikin ƙari akwai wasu ƴan tsirarun ƙwayoyi masu kamar iri, su ke haifo sauran. Masanin kimiyya John Dick da mutanensa a Toronto su suka fara nuna su a kansar jini a 1994, a 2003 aka gano irinsu a ta nono a Michigan. Shi kemo ya fi kama ƙwayar da ke saurin rabuwa, su kuwa lamo suke yi, wasu ma har famfo gare su mai turo maganin waje. Sannan akwai hanyoyin saƙo a cikin ƙwayar, Wnt da Notch da Hedgehog, su ke ce mata ki zauna da ranki ki sabunta kanki, wani sinadarin saƙo kuma, TGF-beta, ya sa ta saki maƙwabtanta ta bi jini ta sauka a ƙashi ko huhu.

Ƴar Fagge: To yaya me ya hana a toshe hanyoyin kawai?

Ɗalibar BUK: Anti nan fa gizo ke saƙar, jiki ma da hanyoyin yake aiki. Hanjinki da Wnt da Notch yake sabunta fatarsa duk bayan ƴan kwanaki, shi ya sa masu toshe Notch suke sa gudawa ba kaɗan ba. A Hedgehog ne aka ɗan dace, maganin toshe ta, vismodegib, Amurka ta amince da shi a 2012 amma na wata kansar fata ne, glasdegib kuma 2018 na kansar jini. Vismodegib ɗin ma ɗanɗano yake ɗaukewa, jijiya ta dinga ɗaurewa, mai ciki kuwa ko kusa.

Abban Hanifa: Haka ne wlh. Kar wani ya karɓe muku kuɗi da sunan zai kawo shi daga waje, ba na nono ba ne. Ku tambayi likitanta sakamakon gwajin ER da HER2 mai nuna irin kansar nonon, shi zai nuna maganin da za a koma.

Ƴar Fagge: Na gode, takardun suna wajen kawu a Kurna, gobe zan karɓo in sha Allah.