Bututun hayaƙi ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabciyata, wa zai gyara?

Baban Hafsat:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga magina da waɗanda suka san hukunci.

Gidanmu a Unguwar Rimi ta Kaduna yake, irin tsofaffin kwatas ɗin ma'aikata, gida biyu a manne, rufi ɗaya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye shi lokacin da gwamnati ta sayar. Kicin ɗinmu da na maƙwabta bango ɗaya ya raba su, kuma bututun hayaƙi na jan bulo ya fito ta tsakiyar rufin, rabi namu rabi nasu. Mu mun daɗe da komawa gas. Maƙwabciyar tamu Hajiya kuwa, dattijuwa ce mijinta ya rasu, har gobe in za ta tuƙa tuwo ko ta dafa wake murhun take hurawa.

Ruwan Agustan bana ne ya tona mana asiri. Silin ɗin kicin ya jiƙe ya yi ciki, fenti na ta ɓarewa. Da na hau na duba, simintin da ke tsakanin bulo ya zama gari, da ɗan yatsa nake ƙwaƙulo shi. Har wani ɗan icce ya tsiro a cikin tsaga, saman kuma ya ɗan karkata wajen gidanta. Kafinta ya ce a rushe a ja kwano a huta. Na same ta da maganar, ta ce, "Ɗan nan, ni wajena ba ya yoyo." Shin zan iya cire rabina in bar mata nata? In kuma gyara za a yi, dole ne ta sa kuɗi?

Birkila na Tsohuwar Panteka:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari kowa ya sa guduma a rabinka. Daga waje kana ganin abu ɗaya, amma a ciki hanyar hayaƙi biyu ce, abin da ya raba su bulo ne ɗaya kwance, kaurinsa kamar inci 4. Bulon ɓangarenka saƙe yake da nata. Ka zare naka, nata ya rasa majingina. Mafi muni ma shi ne a fasa ƙirjin bututun, wato ɓangarensa da ya turo cikin kicin, don a samu fili, a bar saman yana zaune a kan iska. Wannan nauyin wata rana silin zai biyo.

Yoyon kuma sau da yawa daga gindi yake, inda bulo ya haɗu da rufi. Akwai kwanon da ake naɗe wurin da shi, a tura bakinsa cikin layin bulo. In ya yi tsatsa ko ya zame, ruwa ya samu hanya, kuma gangara yake bi, ba ruwansa da iyakar gida. Shi ya sa ku kuke jiƙewa ita tana bushe. Masu shafa kwalta su karɓi kuɗi, zafin Maris da Afrilu zai fasa ta kafin ruwan farko.

Tun da ya karkata, a sauke layukan sama da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a kankare bulon a mayar da shi. Tsohon jan bulo ya fi na yanzu. A cire iccen nan har saiwa. Kwaɓin kada ya yi ƙarfi, siminti ɗaya yashi biyar ya isa, in an samu farar ƙasa a sa kaɗan, don in kwaɓi ya fi bulo tauri bulon ne ke ɓarewa. A zuba hula mai gangara a sama. Ramin ɓangarenka kada a toshe shi ruf, a sa murfi da raga iska ta riƙa wucewa, in ba haka ba danshi zai taru ya fito maka a bango. Ka jira ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a riƙa yayyafa wa aikin ruwa saboda iskar hunturu. In rufin asbestos ne, kada a yanka ko a fasa, ƙurarsa na lalata huhu, kuma a shimfiɗa katako kafin a taka.

Malam Tudun Wada:

Abin da ake tarayya a kansa, ɗaya ba ya rushe shi sai da yardar ɗaya. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an kawo misalin bene mai mallaka biyu: idan ƙasa ya lalace, mai ƙasa ake tilasta wa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. To asalin magana kowa da kasonsa. Amma Malam, tsohuwa ce, kuma maƙwabciyar iyayenka. In Allah ya hore maka, ka ɗauki mai yawa, ka nemi ladan. Ka je da mai unguwa ko limaminku, a rubuta abin da aka amince kowa ya sa hannu, saboda magada.

Maman Walida:

Ni abin da ya tsaya mini, kun taɓa jin ƙaurin hayaƙinta a kicin ɗinku? In kuna ji, bangon ciki ya huje. Hayaƙin itace ma da sauƙi, ana gani. Na gawayi ba launi ba wari, sai ciwon kai da jiri, kuma yana kisa, balle lokacin sanyi da ake rufe tagogi. Ku faɗa mata haka, kuma ku nemi babban ɗanta. Tsofaffi da sun ji kuɗi sai su ce a bari.

Baban Hafsat:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Walida, wallahi uwargida ta sha cewa tana jin ƙauri ran da Hajiya ke girki, muka ɗauka ta taga yake shigowa. Jiya bayan la'asar na ɗauki hoton saman a waya na nuna wa Hajiya. Ta daɗe tana kallon iccen nan, ta ce ai a kan ɗakin jikokinta ya karkata. Ta ba ni lambar ɗanta da ke Abuja. Mun yi magana, zai ɗauki kuɗin siminti da kwano, ni in biya ma'aikata in gyara silin ɗina. Sharaɗinta ɗaya, kada a taɓa mata murhu. Birkila, sai na nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna?

Birkila na Tsohuwar Panteka:

Mayar da abu yadda yake daban, sauya fasalin gini daban, amma ka leƙa ofishinsu ka tambaya kafin a fara. Ran da aka buɗe saman, a hura ɗan tsumma a murhunta, kai ka tsaya a kicin ɗinka, yaro ya tsaya a sama. In hayaƙi ya fito ta raminka, a gyara bangon tsakiya kafin a rufe. Kuma ta haƙura da murhun sati guda aikin ya kama.