Mutanen Jos, yaya kuke yi da ruwan sha a wannan tsadar?

Uwargida, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda abin ya taɓa shi nake so ya amsa. Mu tara ne a gida har da surukata. Tun da autana ya yi taifot bara, maigida ya ce an daina shan ruwan rijiya, muka koma ruwan leda. Jaka ɗaya guda 20 ce, kowace rabin lita, lita 10 ke nan, kuma ba ma kwana ba mu shanye jaka biyu ba. Ledar da muka taso muna saye naira 5, kowa ya san inda ta kai yau. Abin da ya tayar min da hankali shi ne na fara hana yara ruwa ba da sanina ba. Yaro ya ɗauki ta biyu, sai in ji bakina ya ce "ba yanzu ka sha ba?" Rijiyarmu kuma daga Fabrairu sai laka har ruwa ya sauka. Ku yaya kuke yi?

Ma'aikaciyar jinya, Bukuru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na sha wannan wahalar kafin in gane lissafin. Ruwan da ke shiga cikin mutum kaɗan ne a cikin ruwan da gida ke ci. Wanka da wanki da wanke-wanke su ke cinye jarkoki. Ku tara, ko kowa ya sha lita biyu da rabi a wuni, jarka ɗaya mai lita 25 ta ishe ku. To wannan jarka ɗayar kawai za ki yi wa hidima.

Ni na ware jarkoki biyu masu murfi, ba a zuba komai a cikinsu sai ruwan sha. Da daddare in cika ɗaya, in sa maganin kulorin, in jijjiga, in rufe. WaterGuard nake saye a kemis, akwai kuma na ƙwaya, Aquatabs. Ki bi awon da aka rubuta a jiki, kada ki ƙara don neman lada, kuma ki jira minti 30 kafin a sha. Kwalba ɗaya tana kai ni makonni. Amfanin kulorin a kan tafasawa shi ne yana zama cikin ruwan yana tsaronsa na wani lokaci, ko da ɗan datti ya shiga daga baya. Sharaɗinsa ɗaya, ruwan ya zama garau. In ya yi gurɓi, laka ce za ta cinye ƙarfin maganin.

Mai shayi, Terminus:
Anti, ni warin maganin nan ne ya hana yarana sha. Tafasawa muke yi. Masu cewa gawayi ya yi tsada gaskiyarsu, amma ba sai an hura wuta don ruwa ba. Matata da ta sauke tuwon dare sai ta ɗora babbar tukunya a kan sauran garwashin, ta ɗan ƙara gawayi kaɗan. In ya tafasa sosai yana ɓulɓula, minti ɗaya ya isa. A bar shi a rufe ya kwana, a sanyin Jos kafin asuba ya yi kamar na firij.

Ma'aikaciyar jinya, Bukuru:
Haka ne Malam, minti ɗayan daidai ne. Warin kuma yana raguwa sosai in ruwan ya kwana, shi ya sa nake sawa da dare.

Dattijo, Gangare:
'Ya'yana, bari in faɗa muku abin da ya faru a gidana a daminar 2021, shekarar da amai da gudawa ta ratsa ƙasar nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mu a lokacin muna tafasa ruwa, wallahi ba mu taɓa fashi ba. Amma jikokina biyu suka kwanta, ɗaya sai da aka yi mata ƙarin ruwa leda huɗu. Da ma'aikatan lafiya suka shigo gidan, wata yarinya a cikinsu ba ta kalli rijiya ba, randa ta nufa. Ta tsaya tana kallo har wani jikana ya shigo daga wasa, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo. Ta ce, "Baba, ka gani?" Ban iya cewa komai ba.

Ban yar da randar ba, don ba abin da ke sanyaya ruwa kamarta kuma ba ta neman wutar lantarki. Na sa an yi mata murfin katako, na sayi ludayi mai dogon hannu na rataye shi a ƙusa, kofin sha kuma daban. Yaro bai isa ya taɓa ba, babba ke zuba masa. Duk ranar Juma'a a juye ta a wanke. Wanda ya fi ni hali ya sayi bokiti mai famfo, ya fi sauƙi. Rijiyar kuma da muka auna, tsakaninta da masan maƙwabci taku goma sha biyu ne, alhali an ce ana son kamar mita 30. A cunkoson Gangare wa ke da wannan filin? Shi ya sa ruwanta bai wuce wanki ba yanzu.

Matashiya, Dilimi:
Baba, mu alimun muke sawa, cikin ɗan lokaci ruwan ya kwanta ya yi fari tas. Kakata kuma ƙwayar zogale take dakawa ta zuba. Wannan bai wadatar ba?

Ma'aikaciyar jinya, Bukuru:
Bai wadatar ba ƙanwata. Duka biyun suna kwantar da laka, kuma suna jan wasu ƙwayoyin cuta ƙasa tare da ita, amma ba sa kashe su. Ki tsiyaye na saman, ki tace da farin ƙyalle mai tsabta, sannan ki tafasa ko ki sa magani.

Tsohon ɗan garuwa, Nasarawa Gwong:
Shekara shida na yi ina tura kura kafin Allah ya ba ni shago, don haka ku saurare ni. Yawancin 'yan garuwa mutanen kirki ne masu neman halak. Amma a watan Maris da Afrilu, in layin burtsatse ya yi tsawo, mutum ya yi awa uku bai cika kura ɗaya ba, akwai wanda zai zagaya ya ɗebo a rijiyar da ba a rufe ba ko a rafi, kuma kuɗin ɗaya ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu burtsatse suka rage tayar da janareta, layin ya ƙara tsawo.

Ku riƙe mutum ɗaya, ku san inda yake ɗiba. Ku leƙa cikin jarkarsa da tocila, in kun ga kore-koren gansakuka a bango kun san ba ya wankewa. Abin da ya fi, ku ba shi jarkarku ta ruwan sha ya cika muku ita a bakin famfo. Ban taɓa jin haushin wanda ya yi min haka ba.

Mutanen wajen Bukuru da Rayfield kuma, ku yi nesa da kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ruwan yana da kyau a ido, amma abin da ya narke a cikinsa daga ƙasar ma'adinai tafasawa ba ta fitar da shi, kulorin ma haka.

Ɗaliba, Bauchi Road:
Ni ba ni da kurfoti, gas kuma lallaɓa shi nake yi. Rana ke yi min aiki. Ina tara gorunan roba farare waɗanda ake gani ta cikinsu, da ba su wuce lita biyu ba, in cire takardar jiki, in wanke, in cika da ruwa garau, in kwantar da su a kan kwanon ɗaki tun safe. Awa shida a rana mai ƙarfi ta isa, in akwai gajimare sosai sai kwana biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da wannan hanyar. A rani ba ni da matsala. A watan Agusta ne take ba ni wuya, Jos sai ta yi kwanaki ba a ga rana da kyau ba, sai in koma ƙwayar magani.

Uwar marayu, Rikkos:
Agusta ai lokacin arziki ne 'yata. Daga Mayu zuwa Satumba ba na sayen ruwa ko na sisi. Duro biyu gare ni a ƙarƙashin indararo. Ruwan farkon damina ba na tara, kuma kullum in an fara sai in bari ya wanke ƙura da kashin tsuntsu daga kwano tukuna. Duron a rufe saboda sauro. Wanda za a sha kuma ina tafasa shi duk da haka.

Direban keke, Farin Gada:
Kowa yana maganar tsabta, ni rashin shan ne ya kayar da ni. A muku-mukun Disamba da Janairu mutum ba ya jin ƙishi a garin nan. Shayi da safe, shayi da dare, sai goro a tsakani, ga iskar hunturu tana busar da kai tun asuba a kan hanya. Kuma in na tuna kuɗin leda sai in ce bari in kai gida. Wata rana ciwo ya kama ni a kwiɓi, na kasa miƙewa daga cikin keke, fasinjoji ne suka kai ni asibiti. Tsakuwa ce a ƙoda. Kuɗin hoto da magani da kwana tara da na yi ban fita aiki ba, da ruwa na saya da su, da na sha na shekara.

Yanzu gora biyu manya nake cikawa daga gida, in sa a ƙarƙashin kujera, kuma sai na ga bayansu kafin magariba. Likitan ya ce in riƙa duba fitsarina, in ya yi ja kamar shayi ruwa ya yi ƙaranci, in ya yi fari-fari da ɗan rawaya to lafiya. Abokan aikina, zobo da kunun kan hanya ma ku san wa ya haɗa, don ba a san ruwan da aka yi ƙanƙararsu da shi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Bukuru:
Allah ya ƙara sauƙi Malam. Iyaye mata, ku ajiye wannan: in yaro ya fara gudawa kuma babu ORS (garin gishiri da sukari na kemis) a kusa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana hanyar asibiti. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono ya ishe shi, ko ana zafi. Masu ci gaba da ruwan leda, ku duba lambar NAFDAC, ku guji jakar da aka jibge a rana, ku wanke bakin ledar kafin a ciza.

Uwargida, Anguwan Rogo:
Allah ya saka muku da alheri. Na nuna wa maigida, jiya ya shigo da sababbin jarkoki biyu da kwalbar magani, na ɗaura musu jan ƙyalle a hannu don kada a haɗa su da na wanki. Mai kawo mana ruwa ya karɓi ɗaya da safe bai ce komai ba sai "to Hajiya." Surukata dai ta ce ita ba za ta sha mai magani ba, don haka nata zan bi shawarar Malam mai shayi in ɗora a garwashin dare. Baba na Gangare, a ina ka samu ludayin mai dogon hannu? Na duba kasuwar unguwarmu, duk gajeru ne.